Watandar Motar Yaya Garba

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Garba.

Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, ina fatan ana kula da makwancinka fiye da yadda muka kula da abin da ka bari. Ummaru tela ne, ƙaninka, wanda ya bar makaranta a aji huɗu don malamin lissafi ya kasa fahimtarsa. In ka ga rubutu ya karkace, ka san mai shi.

Bari in fara da abin kunya tun wani bai riga ni kai maka ba. Ranar Talata na sa babbar rigata ta Sallah, na kafa hula, na shiga motarka don a ɗauke ni hoto. Ban duba kujera ba. Ashe kazar Saratu, uwar ɗiyana, ta yi sati biyu tana kwanci a wurin, ta ɗan fita kiwo ne, kuma ni da bakina na ba da izinin a sa ta ciki. Na zauna bisa ƙwai tara. Na zabura in tashi, gwiwa ta ƙi, ƙugu ya riƙe. Ka dai san motarka, shigarta awa shiga rijiya a kwance. Sai da maƙwabta biyu suka zaro ni kamar ƙaya. Hoton da aka samu ke nan: dattijo mai 'ya'ya bakwai, ƙafa ɗaya waje, gwaiduwa na bin wando. Har yau Saratu ba ta yi mini magana sai ta bakin yara.

Za ka ce mi ya kai kaza cikin motarka. Shi na zo in faɗa maka, masu leƙen wagga takarda a waya su ma su ji, don akwai wanda nake so kunnensa ya yi zafi.

Ka tuna yadda ta zo hannunka. Wani injiniyan masu aikin titi ya bar ta a garejin maigidanka nan Gummi, ya ce zai dawo da kayan gyara, daga baya ya aiko cewa ya bar wa maigida. Ta yi shekaru ƙarƙashin dogon yaro, awaki na hawa bayanta. Ranar da aka yaye ku daga koyon aiki, abokanka aka ba su akwatin sifanu, kai kuwa maigida ya nuna maka ita yana dariya. Kowa ya ɗauka wulaƙanci ne. Kai ka durƙusa ka yi godiya.

Shekara bakwai kana tashinta. Ja ce, a kwance take da ƙasa, rufinta bai wuce ƙugun mutum ba. Kujera biyu tak. Fitilunta a rufe suke, sai an taɓa maɓalli su buɗe ido. Direbobin tasha suka zo kallo, suka ɗaga gaba suna neman inji, suka ishe taya guda da iska. Kafin azahar gari ya ɗauka cewa Garba ya zare, yana gyaran motar da ba ta da inji. Ba wanda ya yi tunanin ya zagaya baya. Kai kuma ka ƙi nuna musu.

Ina ganinka har yanzu, ka duƙa a bayanta, ka sa bakin tiyo a kunne, ɗaya bakin kana kai shi ga kafireta ɗaya bayan ɗaya, su huɗu, kana ɗan murza sukurdireba. Na ce ko likita ka koma. Ka ce: “Kowace da muryarta, Ummaru. Sai sun ce amin tare.”

Ranar da suka ce amin tare kuwa, jakunan da aka ɗaure bakin kasuwa sai da suka tsinke igiya. Inna ta fito da zani a hannu tana salati, ta ɗauka hadari ne ya sauka cikin gida. Ita ka fara ɗauka. Da kuka dawo muka taru mu ji, ta gyara ɗankwali ta ce tun da take ba ta taɓa yin gudu a zaune bisa tabarma ba sai ran nan.

Gari dai bai taɓa yafe mata ba. Kwaɗon Garba suka sa mata. Kowa ya gan ka sai ya tambaye ka buhu nawa take ɗauka. Ka riƙa yawo da katako biyu don tsallake kwalbati, damina kuwa tana rumfa awa amarya, suna ganin haka suna shewa. Amsarka guda ce kullum: “Doki ma bai ɗaukar buhu, amma ba a taɓa ɗaura wa jaki sirdi na azurfa ba.”

Sau ɗaya ka ɗauke ni, bayan sallar asuba, muka nufi Anka, lokacin da mutum ke bin hanyar nan da sassafe ba ya waige. Da muka hau kwalta ka ce in rufe baki. Ka taka. Wani abu ya manna bayana da kujera, kukan injin nan yana tashi daga bayan ƙeyata kamar ana yaga sabon yadi mai tsawon duniya. Na karanta duk abin da na sani, ya ƙare, na sake daga farko. Da na saci kallonka na ga kana dariya kai kaɗai, irin dariyar da ban taɓa gani a fuskarka ba, ko ranar aurenka. Ni mai ba gari dariya, ban taɓa iya ba ka irinta ba.

Sai ciwon kwana huɗu ya ɗauke ka. Allah ya fi mu sonka.

To, ga abin da ya faru bayanka. Da aka zo rabon gado, matarka ta samu nata, ɗiyarka Hadiza ta samu nata, gida ya faɗa wajensu. Motar ta faɗo mu biyu, ni da ƙaninmu Ɗahiru. Malam mai rabon gadon ya sa aka kira dillali daga tasha ya yi mata ƙima. Mutumin ya zagaya ta sau ɗaya, ya tambayi fasinja nawa take ɗauka, aka ce ɗaya. Ya ce to ba ta kai bijimi ba. Ɗahiru ya ce a kira 'yan gwangwan su auna ta a kilo. Na ce sai dai bayan raina. Muka yi ta ja, zaure ya yi zafi, fuskoki suka ɗaure. Ka san ni, ba na iya ganin zaure ya yi tsit ban jefa wata ba. Sai na ce to a yi watandarta mana kamar sa, wani ya ɗauki kai, wani ya ɗauki fata.

Aka bushe da dariya. Mutum biyu ne ba su yi ba: Malam da Ɗahiru. Ɗahiru ya ce ya yarda, a ba shi inji. Malam ya waiwayo ya tambaye ni ko da gaske nake. Yaya, mutane na cikin dariyar maganata, ina jin daɗi, kunya ta hana ni in ce wasa nake. Na ce da gaske. Aka shafa fatiha.

Washegari ya zo da mutum huɗu da sarƙa. Abin da ka yi shekara bakwai kana haɗawa, kafin la'asar sun fizge shi, wayar da ta ƙi fita suka sa adda. Ya ɗora shi a amalanke ya kai wani ƙauye cikin ƙasar Bukkuyum, wai zai ja masa injin niƙa dutsen zinari. Injinka, Yaya. Wanda ba ka bari a zuba masa fetur sai an tace da ƙyalle. Shi aka kafa a tsakiyar ƙurar nan mai gubar dalma da kowa a ƙasar nan ya san abin da ta yi wa ƙananan yara a Yargalma.

Amma ka huta da daɗi, injin ya rama wa kansa tun kafin in rama masa. An ce ranar farko ya shanye jarka biyu kafin hantsi. Da suka ƙara masa wuta ya tsinke bel, ya yi jifa da murfin injin niƙa, aka tsinto shi a gonar wani. Suka sayo sabon bel, ya tsinke. Kwana goma sha ɗaya ya yi musu, sannan ya yi shiru ya ƙi tashi, duk wani bakanike da aka kira ya ga kafireta huɗu sai ya ce gida ana nemansa. Ɗahiru ya dawo da shi ya jefar bayan ɗakinsa. Shekara uku yanzu ragonsa yake ɗaurewa a jiki. Ni kuma fata ta zauna wajena, ba zuciya, har ta koma akurki.

Watan jiya Hadiza ta zo hutu daga wurin aikinta, ta ɗauki hoton motar ta sa a wani zaure na waya inda masoya tsofaffin motoci ke taruwa. Yaya, da kana nan! Mutane daga Legas, daga Abuja, har da Turawa, sai rubutu suke suna ihu. Sun faɗa mini sunanta na Italiyanci, na gwada sau uku, harshena ya ce shi ba da shi ba. Suka ce ko a can garinsu an raina ta, wai ita ce ƙaramar ɗiya a gidan da aka ƙera ta, yayyenta aka riƙa yi wa kirari, ita ana cewa ba ta da kyau. Sai yanzu da aka tuƙa su duka aka gane ba wadda ta kai ta jin magana a kwana. Wani tsohon Bature ya rubuta cewa duk wanda ya iya daidaita kafiretocin nan da kunne a ƙauyen Afirka, shi zai cire masa hula. Hadiza ta fassara mini. Na shiga shago na rufe ƙofa, na ce zare ne ya shiga mini ido.

Sai suka tambayi inji. Wai akwai lamba a jikinsa da ta dace da ta jikin motar, in babu shi, rabin abu ne.

Nan ne mai hankali zai yi shiru, ya aika ɗan gwangwan a ɓoye ya sayo turken rago da kuɗin goro. Ni kuwa ƙaninka, kafin magariba na ba teburin mai shayi labarin duka, har da kwaikwayon Baturen.

Da safe sai ga Ɗahiru da ƙullin goro, yana kirana Yaya, sunan da rabon da in ji shi a bakinsa tun yana yawo ba wando. Wai wani mai kuɗi a Abuja na nema, mu haɗa kai da fata mu sayar. Wai ai kai ma da kana raye haka za ka so. Wannan maganar ce ta ƙarasa ni. Na ɗauke shi har gaban liman, na rantse cewa muddin ina numfashi motar nan ba ta fita zuri'arka. Mai kuɗin kuma ya ce inji kaɗai bai yi masa amfanin komai. Na bar Ɗahiru sati uku yana kallon arziki ta taga, rago na yi masa fitsari a gindi. Na ƙara ƙiba a satuttukan nan, wallahi.

Ƙarshe ya faɗi abin da yake so a madadin injin: fadamata, wadda Baba ya bar mini, inda nake samun shinkafar gida. Na yarda, Yaya. Na san da bakin 'ya'ya bakwai nake wasa. Na san ƙafar nan sai ta taka keken ɗinki har ta kumbura. Amma na gindaya masa sharaɗi gaban shaidu. Ranar kasuwa zai kawo injin, bisa amalanke, shi zai ja jakin da hannunsa, ya bi ta bakin tasha inda aka sa mata Kwaɗo, duk wanda ya tambaye shi ya ce na Garba ne yake mayarwa. Zai zauna ƙofar shagona ya wanke kowane noti da fetur. In Allah ya sa ta tashi, ko inuwarta ba zai zauna ba. Zumunci ba zan yanke ba, don Inna ta hana. Zan gaishe shi ranar Sallah, in ya yi ciwo in duba shi. Amma daga yau har a binne ɗayanmu, in ya shigo zaure ina tsakiyar labari, zan yi shiru. Gari duka zai ci gaba da shan dariyata, shi ya gama shan tasa.

Wa zai tuƙa ta, ban sani ba tukuna. Ni dai ban taɓa tuƙa komai ba sai keken ɗinki. Mutanen zauren wayar nan sun ce za su nemo wanda ya san hannunta ya zo har Gummi. In ta tashi ta Hadiza ce, na sa an rubuta.

Saura abu ɗaya, shi ya fi fadama nauyi. Hadiza ba ta zauren rabon gado. Duk shekarun nan ta ɗauka Ɗahiru ne ya kawo shawarar raba motar, shi take ƙin gaisarwa da kyau, ni kuma take kawo wa tsaraba, tana cewa Baffa Ummaru ne kaɗai ya tsaya wa babanta. Na karɓi turare, na karɓi yadi, ban ce uffan ba. Ita ce ke duba mini rubutu kafin in sa a waya. Wagga kam ban ba ta ba. Za ta gan ta tare da kowa, don ƙaninka ya iya tsayawa gaban liman, bai iya tsayawa gaban ɗiyarka ba. Amma sai na tsaya. Ranar Juma'a zan hau mota in ishe ta, ba barkwanci a bakina ko ɗaya, in ji abin da za ta ce.

Allah ya jiƙanka, Yaya Garba. Allah ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi, ya haɗa ka da Inna da Baba a inda ba rami ba kwalbati. Allah ya sa ka yafe wa bakin da ya yi maka watanda. Ɗahiru kuma Allah ya ba shi tsawon rai da lafiyar kunne, ya ji ta tana wucewa.

Ƙaninka da kake bi inji guda da ban haƙuri guda,
Ummaru Tela, Gummi.