Hawayen Na Wane Ne?

Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Yaya gwiwarki? Baba da Kawu fa, har yanzu ba sa zama tabarma ɗaya?

Ni lafiya lau. Aikin gonar ba wuya, bayana ne kawai ke ɗan ƙorafi da yamma, kada ki damu.

Wani abu ne ya ɗaure min kai. Kin san Baba ya ɗora ni kan zikiri tun ina ƙarama. Kawu ya ce zikiri ba sanin ma'ana motsa baki ne, Baba ya ce karatun Kawu bai taɓa sa kowa hawaye ba. To a nan hannuwana cikin ƙasa suke wuni, ina dashe, ba damar riƙe carbi balle buɗe littafi. Sai na kama suna ɗaya, Ya Hayyu, ina maimaitawa a zuci, ina juya bayanin da Kawu ya yi min a kansa. Jiya na zaro wani tsiro, na ga saiwarsa siririya kamar zare, tana neman ruwa ba wanda ya koya mata. Inna, sai hawaye. Zikirin Baba ne ya kawo su, ko karatun Kawu?

Don Allah ki tara su ki karanta musu, su ba ni amsa ɗaya. In suka soma musu ki ƙyale su, ko ba komai sun zauna tabarma ɗaya.

Allah ya bar mana ku.

'Yarki,
Auta