Chidi Ba Baƙo Ba Ne

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Zaman Lafiya na unguwarmu, Sabon Gari.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, na rubuto ne a kan taron da kuka yi ranar Asabar don tunawa da waɗanda aka kashe a rikicin garin nan. Ban yi zurfi a boko ba, da tsofaffin jaridun da ake sayarwa a unguwar PZ na koyi karatu, amma na san ma'anar kalma idan na ji ta.

Na farko. Magatakardanku ya karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunan ubansa, ya rufe takarda da cewa "da wasu baƙi". Cikin baƙin nan har da abokina Chidi. Gida ɗaya aka haife mu a Unguwar Gabas, uwata ta goya shi, uwarsa ta yi mini wanka. Zazzagancinsa ya fi nawa. Kudu kuwa sau biyu ya taɓa zuwa, ya dawo yana ƙorafin ba tuwo.

Na biyu. Ina wurin aka kashe shi. Da azahar ne, muna dawowa daga Samaru a babur ɗaya. Matasa suka tare hanya, suna tambayar suna kawai. Na ce Sani, aka ture ni gefe. Shi ya faɗi nasa. Na ji wani yana ihu wai baƙo ne. Da wannan kalmar aka sare shi, ranka ya daɗe, kuma ita kuka maimaita a lasifika, aka yi muku tafi.

Na uku. Maman Chidi ta rufe shagonta ta zo. Ta zauna a rana da hotonsa a cikin leda, tana jiran sunan. Da aka tashi ta tambaye ni ko kunnenta ne bai ji ba. Wallahi ƙarya na yi mata, na ce saura wata takarda.

An ce mako mai zuwa za ku kafa allon sunayen a bakin kasuwa, da wannan jerin. Wai ba ku samu sunayen baƙin ba. Kun nema? Kun leƙa coci ɗaya kun tambaya? Shagon Maman Chidi ba nisa da ofishinku.

Roƙona shi ne a dakatar da allon, a bi gida-gida a karɓo sunan kowa, Musulmi da Kirista, ɗan arewa da ɗan kudu, a goge wannan kalma. In kun ƙi, ka zo da kanka ka gaya wa tsohuwar nan babu wata takarda, don ni ba zan sake yi mata ƙarya ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da mutunci, kada ya nuna maka ranar da za ka jira sunan ɗanka a taro.

Wassalam.

Sani mai walda, Chikaji.