Alhaji, a Dawo Mana da Bututun Ruwan Zafi

Zuwa ga Alhaji Manaja,
Kamfanin da ke gyaran gidajen malamai,
Keffi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ni ne malamin da ke zaune a gidan ƙarshe, na gindin mangwaro. Na yi ta sintiri zuwa ofishinka, kullum sai a ce ka tafi Jos. Shi ya sa na biyo ta jarida, wataƙila a can za ka gani.

Na ɗaya. Gidan nan tsohon gidan Bature ne, kuma ya bar mana abu guda mai amfani: tankin ƙarfe a bayan murhu, da bututun da ya bi gindin bango, ya ratsa ɗakin kwana, ya shiga banɗaki. Itacen da ya dafa tuwo shi ke tafasa ruwan. Da damina ɗakin da ɗuminsa, rigunan yara ma a kan bututun muke shanyawa. Da kuka zo sake daɓe da rufi, na roƙe ka a cire bututun a kankare tsatsa a mayar, domin wuri ɗaya kawai yake ɗiga. Na gaya maka da bakina cewa matata na da tsohon ciki. Ka yi dariya, ka ce yanzu ƙasa ta sami kuɗin mai, an daina zama da tarkacen Turawa.

Na biyu. Kun tumɓuke bututun da tankin, kun kafa mana farar hitar dafa ruwa mai aiki da lantarki, sabuwa fil daga ƙasar waje. Ranka ya daɗe, ba a kawo wa unguwarmu wuta ba. Falwayoyin suna nan kwance a bakin hanya, awaki na hutawa a kansu, kuma ta gabansu motarka ke wucewa. Hitar dai kyakkyawa ce, baƙi har leƙa ta suke yi. Tawul muke ratayawa a kanta.

Na uku, kuma shi ne ya cika ni da takaici. Matata ta haihu. Kai ma mace ce ta haife ka, ka san wankan jego ba wasa ba ne: ruwa tafasasshe da ganyen darbejiya, safe da yamma, har a yi arba'in. Mahaifiyata, da tsufanta, ta taso daga Agwada don ta yi mata. Da bututun na nan, famfo kawai za ta murɗa. To sai ga ta ta kafa duwatsu a tsakar gida, tana fama da jiƙaƙƙen itace a cikin ruwan sama, tana ɗauko bokiti ta bi ta kan sabon simintinku da aka goge ya yi santsi kamar sabulu. Makon jiya ta zame. Ruwan ya kwarare mata tun daga gwiwa har tafin ƙafa, fatar ta saɓule. Ina aji aka zo aka kira ni. Tana kwance yanzu, kuma ba ƙafarta take wa kuka ba, wankan surukarta da zai tsaya take wa.

Bai tsaya ba. Wankan yamma ni nake ɗaukar ruwan. Na safe kuwa ina makaranta, mai jego ce ke cicciɓar bokitin da kanta, a kan wannan simintin, jikinta bai gama komawa ba.

Ga roƙona. An ce bututun yana jibge a bayan wani gareji a Sabon Gari, ana shirin yanka shi a yi ƙafafun benci. Ka aika a tsayar da su yau. A dawo da shi da tankin, a mayar yadda suke kafin arba'in ta cika. Hitarku kuma ku zo ku kwance ta, ku kai wa mai wuta. Ban nemi diyya ba, ban kuma nemi a ba ni haƙuri ba.

Allah ya ƙara maka buɗi, ya yawaita maka kwangila, ya kuma tsare mahaifiyarka daga irin abin da ya sami tawa.

Wassalam.

Naka,
Malam Isiyaku,
Gidajen Malamai, Keffi.