Awartakin Gashi a Gidan Graeme

Yass, 3 ga Fabrairu

Mama,

Gaisuwa mai yawa. Ya gwiwar taki? Ya zafin Dubbo? Ina fata kina shan maganin, ba zuba wa furanni kike yi ba.

Ki yi murna, gwamnatinmu ta san darajar mutane! Shekara da shekaru ɗanki Graeme yana babban sakatare a ma'aikatarsu ta ruwa, sai bana aka gano ya cancanci lambar yabo. Har mai zane aka ɗauko, za a rataya hotonsa a bango. Ikon Allah, duk wannan soyayya ta taso ne bayan ya rubuta wa sabon minista cewa in aka ba masu gonar auduga ruwan da aka yi musu alkawari, kogi zai ƙafe.

Ni dillalin shanu ne, Mama. A kara, in na ga sa an wanke shi an goge masa ƙaho, na san motar da zai hau.

Naki,
Merv

Yass, 17 ga Fabrairu

Mama,

Ina gaisuwa. Na ji an yi muku yayyafi, madalla.

Ran Asabar Graeme ya yi gashin nama a gidansa na Canberra, minista ya zo. Kin san ko marigayi Baba bai taɓa sa hannu a gashin wani a gidan wani ba. To, minista ya dafa kafaɗar Graeme, ya ce, "Abokina, ka gaji haka nan, je ka zauna." Ya zare awartakin juya naman daga hannunsa, ya miƙa wa Pritchard, mataimakin nan na Graeme mai yawan murmushi. Pritchard ya karɓa, ko tayin mayarwa bai yi ba.

Na ja Graeme gefe na ce, "Mai ilimi, an fa sayar da kai." Ya ce in daina kawo masa zancen kasuwa, aikinsa faɗin gaskiya ne. Amma naman da Pritchard ya sa masa a faranti, bai ci ba.

Ran Juma'a za a buɗe hoton, an ce ki zo. Ki gaida Anti Beryl.

Ɗanki,
Merv

Af, Mama, ke da kika je ofishin Graeme bara: cikin waɗanda hotunansu ke jere a bangon nan, akwai wanda kika tarar har yanzu yana kan kujerarsa?