Iska Duk Iska Ce

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da idanunka biyu. Ƙaninka yana nan a gadon asibiti, an naɗe masa rabin fuska. Likita ya ce sai an kwance za a san ko idon hagun zai tsira.

Ba ka zo ba, shi ya sa na rubuto. Tun da kuka buɗe shagon kujerun nan, kai ke sayen kaya, shi ke aiki. Da tsohuwar bindigar ƙusa mai aiki da iska ta lalace, ya roƙe ka ka sayo irinta, wadda ba ta harbi sai an danna bakinta a jikin katako. Ka ce ta yi tsada, ka ɗauko mai araha, wai iska duk iska ce. A gabana ya faɗa maka tana tashi da kanta idan an jona mata tiyo. Ka yi dariya, ka ce ya cika tsoro kamar farar kura. To, ta tashi, ƙusa ta same shi a ido.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne abin da ka faɗa wa Inna, wai iska ce ta bugi ɗanta a shago. Ka san sarai yadda tsohuwa za ta fahimce ka. Ga ta nan ta daina cin abinci, tana yawon neman maganin aljanu da ƙafarta mai ciwo. Ka je ka faɗa mata gaskiya da bakinka. Na tsani munafunci, Yaya, kuma na gaji da yi maka kara.

Ka huta lafiya, in za ka iya.
Matar ƙaninka

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa, don haka aka koya min. Ya gida?

An kwance. Idon ya tafi. Ƙaninka kuwa, sai ya tambaya ko an kai wa mutane kujerunsu. Shi mai haƙuri ne, ni kam ban iya ba.

Na ga sabuwar bindigar da ka aiko masa a kwali, mai tsadar. Ashe ka san inda ake sayar da ita. Na mayar maka, ka rataya ta inda za ka riƙa ganinta.

Jiya Inna ta zo, ta daɗe tana shafa kansa. A bakin ƙofa ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce in faɗa mata wace irin iska ce wannan, ko a san sunanta a roƙe ta. Na ce mata ba sai ta je nesa ba, ita ta haife ta, ɗanta ne na fari.

Tana jiranka.
Matar ƙaninka