Ruwan da Aka Hana Ni Ranar da Aka Haifi Takwararki

Zuwa ga Sista Safiya, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na rubuto ne in sanar da ke cewa 'yarmu Lami ta sauka lafiya, an samu mace. Da hannuna nake rubutawa, ba wanda ya taya ni. In kin ga layi ya karkace, ɗinkin da ke cikina ne bai barina in zauna daidai. Shekara talatin muka yi tare ban taɓa kiran sunanki ba, yau ga shi na rubuta shi baƙi baƙi, kamar yadda aka koya mana a ajin yamma da kika matsa mini na shiga ina da furfura.

Shekara huɗu ke nan da rasuwarki. Suleja ta cika da baƙi masu aiki a Abuja, ko ɗakin kaji sai an ba da haya. Amma asibitin da kika yi aiki yana nan yadda kika bar shi, da doguwar barandarsa da bencin katako. A can na yi shekarun wanki da guga, a can na fara ganinki. A can kuma na kusa biyo ki ranar Talatar da Lami ta haihu.

Ina gida a Kurmin Sarki aka aiko cewa naƙuda ta tashi. Na hau keke. Wajen layin masu jiran man fetur, wata motar haya ta kauce wa rami, ni kuma na kauce mata, sai na faɗi. Ƙahon keken ya soke ni a ƙasan haƙarƙarin hagu. Na tashi na kakkaɓe riga. Ba jini, ba karaya. Na ce wa masu yi mini sannu jika nake zuwa tarba, su ba ni hanya.

Na tarar da surukanmu a baranda, Malam Isa uban mijin Lami da ƙannensa biyu, sun zo tun daga Gawu Babangida. Kin san ba a nishi a gaban suruki. Na zauna a ƙarshen benci na tattara riga na rufe gwiwar wandona da ta yage. Bayan azahar ungozoma ta leƙo ta ce an sauka. Safiya, ban san farin ciki yana da nauyi ba sai ranar. Na yi hamdala, na yi dariya, na ji wani abu yana ja na a ciki, na ce murna ce.

An yi ruwa da safe, gari da sanyi, hazo ya rufe kan Dutsen Zuma. Amma ni gumi nake yi. Malam Isa ya ce tsoho ya ga amarya ya rikice, aka yi dariya har da ni. Na fara hamma, ɗaya bayan ɗaya. Kafaɗata ta hagu ta ɗauki ciwo, alhali ba a kanta na faɗi ba. Sai ƙishirwa, irin wadda ban taɓa ji ba ko a azumin bazara.

A lokacin ne barandar ta yi shiru. Ina ganin bakunan mutane suna motsi, amma muryoyinsu kamar daga cikin rijiya. Na ɗaga kai, sai na gan ki a can ƙarshe, kusa da ƙofar da ke bi zuwa ɗakin tiyata. Kina tsaye cikin fararen kayanki, hula ta sha sitaci. A gefen rigar, ƙasa ta dama, akwai tabon nan na ƙuna da dutsen gugana ya yi, wanda kika ce in bar shi, shaida ce ta mai miji. Ba fuskata kike kallo ba. Hannuwana kike kallo, da irin kallon da kike yi wa marar lafiyar da bai kwanta miki a rai ba. Tsawon zamanmu ba ki taɓa yi mini wannan kallon ba. Ban ji tsoro ba. Abin da ya fi ba ni tsoro yanzu ke nan, don na ji sha'awar in tashi in je inda kike.

Sai wata nas ta shiga tsakaninmu. Yarinya ce, ba ta kai Lami ba, Hausarta irin ta mutanen Filato. Daga baya na san sunanta Sista Rifkatu, a ɗakin maza take aiki, wucewa kawai take yi da tire a hannu. Har ta gota mu sai ta tsaya. Ta dawo ta ajiye tiren, ta gaishe mu, ta kama wuyan hannuna tana duban agogon da ke maƙale a ƙirjinta. Ta ja fatar idona ƙasa ta duba. Sannan ta ciro biro ta rubuta lamba a bayan hannunta.

Ke kaɗai na sani da wannan ɗabi'a. Sau nawa na ce miki takarda ba ta ƙare a duniya ba, ki ce takarda takan ɓata, hannu kuwa yana tare da mai shi.

Ta tambaye ni ko na faɗi ko wani abu ya buge ni. Surukai uku suna kallona. Na ce lafiyata lau, murna ce. Ba ta yi mini gardama ba. Ta juya ta ce wa su Malam Isa an gyara jaririya, su je bakin taga su gan ta. Suna tashi ta ɗaga gefen rigata ta ga gwiwar wandon. Ta ce, "Baba, yanzu saura ni da kai da Allah. Ina ya buge ka?" Na nuna mata. Ta ɗora hannu a hankali, na ji kamar an taka ni.

Ta kwantar da ni a kan bencin, ta sa aka tallafe ƙafafuna sama, ta aika a kira likita, ita kuwa ba ta gusa ba. Bayan ɗan lokaci ta sake kama hannuna ta sake rubutawa, can kuma ta ƙara.

Su Malam Isa suka dawo suka gan ni kwance, leɓena ya yi fari, ina roƙon ruwa. Ya ɗauka tafiya ce ta zo. Ya ciro 'yar gorar zamzam da ya kawo don jaririya, ya durƙusa zai ba ni, yana laƙƙana mini kalmar shahada. Ba laifinsa ba ne, haka muka taso muka ga ana yi. Sista Rifkatu ta sa hannu ta tare gorar. Ya ce, "Yarinya, a garinku haka ake yi? A hana tsoho ruwa yana kan gargara?" Mutane suka taru, wata mata ta ce ai waɗannan ba su san darajar mai mutuwa ba. Ita kuwa ta ce, "Ku ci gaba da addu'a, Baba, ita ba ta hana aiki. Amma za a buɗe cikinsa, ruwa zai iya shaƙe shi. In ya fito ni da kaina zan kawo masa randa guda." Ta jiƙa auduga da zamzam ɗin ta goga mini a leɓe.

Na ji haushinta, ba zan ɓoye miki ba. Amma a cikin kaina muryarki ce ke maimaita abin da kika saba faɗa wa ɗalibanki: mai ihu da sauransa, mai shiru ake tsoro. Da kuma ɗaya maganar, cewa ƙishirwar da ba rana ce ta kawo ta ba, jini ne ke zuba a wani wuri.

Likitan da ya zo saurayi ne, a gajiye yake. Ya ɗaura mini abin awo ya ce jinina bai faɗi ba, wataƙila tsoka ce ta bugu, a ba ni magani in huta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa masa bayan hannunta. Lamba uku ne a jere na bugun jijiyar hannuna, kowace ta fi ta samanta. Ta gaya masa zancen kafaɗar da gumin da hammar. Ya dubi hannun, ya dube ni, ya taɓa cikina da kansa. Daga nan komai ya zama gudu. Aka sa mini ƙarin ruwa, aka ɗebi jinina. Da aka kawo ledar jinin da za a ƙara mini, ta sa na faɗi sunana da bakina, ta karanta na jikin ledar ita da wata nas, sannan ta nuna mini. Na karanta shi da idona, Safiya. Ajin yammarki ya yi rana.

Da aka turo ni zuwa tiyata, kina nan a bakin ƙofar. Na miƙa miki hannu. Ba ki karɓa ba. Kika matsa gefe muka wuce, kina duban bayan hannunki.

Saifata ce ta fashe. Sun ce jini ya taru a cikina ina zaune ina dariya da surukai.

Na san abin da malamai suka faɗa, wanda ya tafi ba ya dawowa. Likita kuma ya ce in jini ya yi ƙaranci a kai, mutum kan ga abin da babu. Na yarda da su duka biyun. Da na samu sauƙi na tambayi Sista Rifkatu wa ya aiko ta wurina. Ta yi dariya ta ce ba kowa, hammata ce ta kira ta, don ba a hamma da gumi a ranar sanyi. Rubutu a hannu kuwa, ta ce wata malamarsu ce ta koya musu, wadda ta yi ɗalibta a nan Suleja. Hankalina ya kwanta. Har ta kai ƙofa sai ta waiwayo ta ce in miƙa godiyarta ga tsohuwar Sistar da ta riƙe musu ƙofar tiyata, tunda ta ga na san ta. Ta ce ta neme ta a ɗakin haihuwa ba ta same ta ba.

Kayan aikinki suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, inda na ninke su da hannuna. Tun da na dawo gida ban buɗe shi ba, kuma ba ni da niyya.

Ranar suna ina kwance a ɗakin maza. Malam Isa ya zo da kansa bayan an shafa fatiha, ya nemi Sista Rifkatu ya ba ta haƙuri, ya ce mini an sa wa yarinya Safiya, amma Ummi za a riƙa kiranta. Da yamma Lami ta kawo ta aka ɗora mini a gefen da ba ɗinki. Na ce mata amarya, kin zo kin tarar da angonki an farke shi kamar buhu. Ta kama yatsana ta riƙe, can wajen wuyan hannu take laluba. Na yi kuka a gaban suruki, ban ji kunya ba.

Randar da aka yi mini alkawari ta zo a ƙaramin kofi, kurɓa uku, bayan likita ya yarda. Ban taɓa shan ruwa mai daɗinsa ba.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa abin da kika koyar ya riƙa isa gare ki. Allah ya raya Ummi, ya kare yarinyar nan Rifkatu da duk mai tsayawa ya sake duba marar lafiyar da ya yi shiru. In lokacina ya yi, kada ki matsa gefe. Amma ki ƙara mini haƙuri, ina so in ga ta fara tafiya.

Naki,
Mai gugarki, kakan Ummi.