Kocin da Aka Mayar Wani Reshe

Laraba da dare, unguwar Hor Al Anz, inda nake aiki a ƙasar waje

Ana sanar da jama'a cewa yau na ci shawarma ba ta ɗiga a rigata ba.

Matata Hadiza ta kira daga Kano. Iyaye sun kai ƙarar kocin da ke koya wa yara ƙwallo a filin jami'a, yana lalata da su. Jami'a ta kafa kwamiti, kwamiti ya sha shayi, aka mayar da shi wani reshe don rufin asiri.

"Baban Sadiq, yaron nan ya daina magana," ta ce tana kuka.

Wata biyu ɗana Sadiq yana roƙona kada ya koma filin. Na kira shi rago, na aika masa sabon takalmi ta kago. Hutuna sai bayan Sallah.

Ya Allah, ni ne ban saurare shi ba.